Kifin Da Ke Cin Gansakuka Ma Yana Bukatar A Ciyar Da Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili domin in ja hankalin masu sha'awar kiwon kifin ado na ruwan teku a nan Sakkwato game da wani kuskure da ke halaka kifaye masu tsada ba gaira ba dalili.

Mutum yakan ga gansakuka ta mamaye gilashin akwatin kifinsa da duwatsun da ke ciki, sai a ba shi shawara ya sayo kifin da zai cinye ta, irin su tang mai ruwan ɗorawa na tekun Hawai, ko foksfes, ko ɗan ƙaramin bileni mai kankare dutse da bakinsa. Da zarar ya saki kifin, sai ya ɗauka ya sami mai shara wanda ba ya bukatar abinci. Cikin 'yan makonni kifin zai share akwatin tas, daga nan kuma yunwa ta fara cinsa. A cikin teku waɗannan kifaye wuni suke yi suna kiwo a kan duwatsun murjani kamar tumaki a makiyaya, kuma hanjinsu dogo ne, wanda ya saba karɓar ganye kaɗan-kaɗan ba yankewa. Akwati mai lita 300, wanda da ƙyar yake wadatar tang guda ɗaya wajen iyo, ba zai taɓa tsirar da abin da zai ƙosar da shi ba.

Alamun yunwar ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Ciki yakan lotsa, naman bayan kai ya zube, launi ya koɗe, wani lokaci kuma fata ta fara zaizayewa a kai da gefen jiki, cutar da ake dangantawa da rashin abinci mai gina jiki da kuma gurɓacewar ruwa.

Abin da ya fi dacewa shi ne nori, wato busasshen ganyen teku da aka san mutanen Japan da ci, da sharaɗin ya zama wanda ba a sa masa mai ko gishiri ko kayan yaji ba. A maƙala yanki ɗaya a jikin gilashi kowace safiya, a bar kifin ya riƙa yaga, sannan a cire ragowar kafin dare domin kada ta ruɓe. A haɗa da ƙwayoyin abincin kifi masu sifirulina, wata irin gansakuka mai gina jiki, sau biyu ko uku a rana, daidai abin da za a cinye nan take. Latas da sauran ganyayen lambu ba su maye gurbin ganyen teku. Bileni kuwa yakan ƙi haɗaɗɗen abincin kifi na kanti, don haka a ɗaure masa nori a jikin dutse, kuma a ganina bai kamata a sa shi a sabon akwatin da bai yi gansakuka ba.

Yanayin garinmu ma yana da nasa sharuɗɗan. Waɗannan kifaye suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, alhali a Afrilu da Mayu zafin Sakkwato kan haura 40. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai, saboda haka idan wuta ta ɗauke famfon da ke juya ruwan akwatin ya tsaya, kifin zai galabaita cikin 'yan sa'o'i, sai fa idan akwai sola ko batir. Haka kuma ruwan yakan ƙafe da sauri ya bar gishirinsa, wanda ya kamata ya tsaya a kan kimanin giram 35 a kowace lita. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwa marar gishiri ake cike shi. Wajen haɗa ruwan gishirin akwatin kuwa, gishirin miya ba ya yi sam, sai haɗin gishirin teku na musamman.

A kuma yi hattara wajen sa hannu, domin tang yana da kaifi a gindin wutsiyarsa, ƙayoyin bayan foksfes kuma suna da dafi.

Ina kira ga masu kawo waɗannan kifaye daga Legas da Abuja da su riƙa yi wa mai saye wannan bayani kafin su karɓi kuɗinsa, su kuma riƙa kawo nori tare da kifin.

Wassalam.

Naku,
Mai kiwon kifin ado,
Mabera, Sakkwato.