Amsa ga ɗan'uwan da ya ce me jama'a suka sani game da auna nasarar shirin raya al'umma

Salam ɗan'uwa. Ka tambaye ni a bainar jama'a wai me ya sa na dage sai an saka waɗanda aka yi wa aiki cikin auna shi, alhali ga ƙwararru ga fom ga alƙaluma.

Ai wanda ya tsara fom ɗin nan shi ya riga ya yanke abin da za a kira nasara. Ya ce a ƙirga rijiyoyi, an ƙirga an cike gurbi an tafi, amma ba layin da ya tambayi wa ke ɗibar ruwan, ko in famfo ya lalace wa zai gyara. Na taɓa zama inda aka zana matsaloli a ƙasa aka ba mata tsakuwa goma-goma kowa ta raba yadda abin ya fi damunta, wallahi abin da muka cika rahoto da shi da ƙyar ya samu 'yan ƙwayoyi, sai duk suka tara a kan wani abin da ko a fom ɗinmu babu, na rasa inda zan sa fuskata.

Kuma ba sabon abu ba ne fa. Robert Chambers na jami'ar Sussex a Ingila tun shekarun 1980 yake ta faman cewa baƙo ya miƙa wa mutanen gari sandar nuni ya koma ya zauna. A Bangladesh cikin shekarun 1990 Rick Davies ya fito da tsarin da mutane ke ba da labarin canjin da ya fi muhimmanci gare su, a zaɓi ɗaya a faɗi dalili.

Amma ba zan yi maka alayen zawarci ba, kana da gaskiyarka. A Uganda binciken da ya fito a 2009 ya nuna mutuwar ƙananan yara ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku inda jama'a suka sa ido kan asibitocinsu, da aka maimaita a wurare da yawa daga baya ba a ga irin haka ba. Sannan in ka tara kowa wuri ɗaya manyan gari ne za su yi magana, sauran su gyaɗa kai. Shi ya sa nake zama da mata daban, matasa daban, kuma kafin rahoto ya tafi wurin masu ba da kuɗin aikin sai na koma na karanta musu da harshensu, inda suka ce ba haka suka faɗa ba in goge a gabansu.