Zuwa ga Maman Hadiza, wadda ta tambayi ma'anar sunan 'yarta

Assalamu alaikum, 'yar'uwa.

A taron mata na ranar Asabar kin miƙe kin ce wata ta faɗa miki wai Hadiza na nufin bakwaini, kuma tun daga ranar zuciyarki ba ta kwanta ba, har kina tunanin sauya wa yarinya suna. Lokaci ya ƙure ban amsa ba, ga amsar yanzu.

Ba ƙarya aka yi miki ba. Hadiza dai Khadija ce, kuma a Larabci "khadij" shi ne jaririn da aka haifa watanninsa ba su cika ba. Har yau a asibitocin ƙasashen Larabawa, ɗakin da ake ajiye bakwaini a kwalba da wannan kalma ake kiransa. Ɗalibai ma sun san ta a hadisin Muslim, inda aka ce sallar da ba a karanta Fatiha a cikinta ba "khidaj" ce, wato tauyayya.

To amma wa ya taɓa raɗa wa 'yarsa Hadiza don ya duba ƙamus? Don Nana Khadija 'yar Khuwailid muke sa shi: attajirar Makka da ta ba Annabi (SAW) dukiyarta ya kai fatauci Sham, ta aure shi yana ɗan shekara 25, ita ce farkon wanda ya yi imani da shi, ita ta lulluɓe shi ranar da ya sauko daga kogon Hira jiki na rawa. Bai yi mata kishiya ba har ta rasu, shekara 3 kafin Hijira.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Annabi yakan sauya sunan da bai yi masa ba. Ya mayar da Barra Zainab, ya mayar da wata mai suna Asiya, da harafin sadi, ma'ana mai saɓo, Jamila. Kusan shekara 25 yana zaune da Khadija, bai taɓa sauya sunanta ba.

Bakinmu ne kawai ya lanƙwasa shi. "Kh" ta koma "h" kamar yadda Khalid ya zama Halidu, sai aka samu Hadiza da Hadizatu, ga Dije da Dija na 'yan gida, ga Kubura daga laƙabinta na Alkubra. Turkawa Hatice suke rubutawa, a Gini da Mali kuma Kadiyatu za ki ji.

Ki bar wa yarinya sunanta. Ki shafa min kanta, ki gaida maigidan.

Wassalam,
'Yar'uwarki.