Kafin a ƙwace wa yara waya, a leƙa ta iyayensu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari muhawarar da kuka yi kan dokar Ostireliya da ta fara aiki ranar 10 ga Disamba 2025, wadda ta hana duk wanda bai kai shekara 16 ba buɗe shafi a TikTok, Instagram, Facebook, Snapchat da YouTube. Yawancin waɗanda suka bugo waya so suke a kawo mana irinta Gana. Ni ma uba ne, na san abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. Amma ina da ja.

Gyaran waya nake yi a Adum, a Aboabo nake zaune, duk a nan Kumasi. A unguwarmu ba kasafai ɗan shekara 13 yake da wayar kansa ba. Ta uwarsa ce, layin ma da katinta na ɗan ƙasa, Ghana Card, aka yi rajistarsa. In manhaja ta ce a nuna fuska don ta kimanta shekaru, kamar yadda wasan Roblox ya fara nema kafin ya bar mutum ya yi hira, sai yaro ya kai wa Mma wayar tana tsakiyar tuƙa tuwo, ta ɗaga ido, magana ta ƙare.

Ba ma wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Watan jiya gwaggona ta zo gida da sassafe, ko karin kumallo ba mu yi ba, ta miƙo mini sidi 300 in tura mata ta MoMo, wato hanyar aika kuɗi ta waya. Wai an turo musu bidiyo a rukunin matan makarantarsu, wani malaminmu da kowa ke girmamawa yana tallar maganin ciwon suga, ga lamba a ƙasa. Na kalla, rawaninsa ne, gemunsa ne, muryarsa ce. Wallahi har na fara danna lambar.

Ɗana na biyu, wanda kullum nake wa faɗa saboda zaman ɗakin gem yana buga ƙwallo a PlayStation, ya leƙo ta kafaɗata. Ya ce, "Baba, dakata. Dubi bakinsa, magana ta riga leɓe. Dubi carbin, ya shige cikin yatsunsa." Gwaggo ta daka masa tsawa: "Kai, rufe mana baki! Yaushe aka haife ka?" Bai yi zuciya ba, ya ce, "Hajiya, ki saurara da kyau. Yaushe Malam ya fara Hausar Kano?" Nan jikinmu ya yi sanyi. Mutumin da aka haifa a Zango, wanda in yana wa'azi sai ya tsoma yaren Tuwi nan da can, ga shi yana zuba Hausa kamar mai karanta labarai. Muka aika wajen wani almajirinsa, ya ce Malam bai san zancen ba.

Abin ya yi sauƙi yanzu. Veo 3 na Google da ya fito a Mayun 2025 da Sora 2 na OpenAI da ya biyo a Satumba sun zo da fasahar haɗa bidiyo har da sauti daga 'yan kalmomin da ka rubuta, kuma akwai ƙananan manhajoji barjak masu kwaikwayon murya. Yara sun saba da su, wasa suke yi da su, shi ya sa idonsu ya buɗe. Mu da muka tashi da cewa gani ya kori ji, mu ne nama.

Roƙona gare ku, ku ware ko minti biyar ne kowane mako, da Hausarmu ta Zango, ku kira irin waɗannan samarin su bayyana wa iyaye yadda ake gane bidiyon bogi. Ku riƙa maimaita lambar hukumar tsaron intanet ta ƙasa, 292, da ake kai ƙarar irin wannan damfara, don dattawanmu da yawa ba su taɓa jin ta ba. In limamai za su ɗan taɓa batun ranar Juma'a, da ya fi.

Gwaggo dai yanzu duk bidiyon da aka turo mata, sai ta aiko a kira mata yaron ya duba. Shi kuma ya yanka mata farashi, sidi 2 kowane bidiyo, kuma na san ɗakin gem kuɗin ke tafiya.

Naku mai saurare,
wani mai gyaran waya,
Aboabo, Kumasi