Wasiƙa daga Birnin Kebbi: Kafin Faifan Ya Iso Kano

Birnin Kebbi,
Jihar Kebbi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da amarya da yara. Mu nan ƙalau muke. Inna na gaishe ka, ta ce tun da ka shiga Kano ka manta hanyar gida.

Na ga saƙonka cewa in turo maka aikin fim ɗin manoman shinkafar fadamar Argungu ta WhatsApp ka soma gyaran kala. Mutumina, ai da abin na yiwuwa haka da tuni na huta. Ni da manhajar Premiere Pro na yanka bidiyon, kai kuwa manhajar DaVinci Resolve kake riƙe da ita. Fayil ɗin aikina mai ƙarewa da prproj, Resolve ba zai buɗe shi ba, kamar yadda Premiere bai san naka na drp ba. Kowane kamfani da yadda yake ajiye lissafinsa. Kai, ko Premiere ɗin kansa, aikin da aka yi a sabon zubi ba ya buɗuwa a tsoho.

Abin da zan fitar maka shi ne XML, kuma ka sani babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Jeri ne kawai: guntun bidiyo kaza, daga firem kaza zuwa kaza, a ɗora shi a layi kaza (firem shi ne hoto guda cikin jerin hotunan da ke zama bidiyo). Kamar littafin awon tela ne, akwai tsawo da faɗi amma yadin yana wani wuri. Shi ya sa ba shi da nauyi, zai bi waya ya iso maka nan take, amma ɗanyen bidiyon dole ya biyo mota a faifan ajiya.

Wani abin dariya, XML ɗin da Premiere ke fitarwa tsarin Final Cut Pro 7 ne, manhajar da Apple ya jingine tun 2011 da ya kawo Final Cut Pro X da nasa sabon tsari, FCPXML. Mai shi ya bar shi, mu muna nan muna ci da shi. Sabon Final Cut ba ya karanta tsohon sai an juya shi da wata manhaja, Premiere kuma ba ya karɓar sabon kai tsaye. Sa'arka ɗaya, Resolve na karanta duka biyun. Akwai kuma EDL, shi ma jerin yanka ne, tsarin CMX 3600 na zamanin kaset, wanda layin hoto ɗaya kawai yake ɗauka, yanka kuma ba ya wuce 999. Zan haɗo maka shi don ko-ta-kwana.

Inda nake so ka natsu shi ne abin da ke zubewa a hanya. Yanka na tsallakewa lafiya, haka narkewar hoto cikin hoto. Amma kalar da na ɗan taɓa da Lumetri, kayan gyaran kala na Premiere, ba za ta biyo ba, kuma gara haka, filinka ne. Sunayen manoman da na rubuta a ƙasan hoto ba za su zo da kamanninsu ba. Inda na rage gudun hoto, wajen da mata ke sheƙar shinkafa, zai iya gocewa da 'yan firem, inda na matso da hoto kuma ka same shi ya karkace. Don haka na kwashe rubutun duka, na tattara hotunan suka koma layi biyu, waɗanda na cire wa girgiza kuma na fitar da su sabbin fayil na ProRes, tsarin bidiyo mai riƙe inganci, na mayar gurbinsu. Sannan na fitar da fim ɗin gaba ɗaya mara nauyi, taimkod, wato lambobin lokaci, na gudu a jikinsa. Ka ɗora shi gefen naka, ka bi yanka bayan yanka. Duk inda suka saɓa, wannan bidiyon ne alƙali, ba XML ba.

Don Allah kafin ka shigo da komai, ka saita aikinka a firem 25 a daƙiƙa. Resolve na kulle wannan saitin da zarar bidiyo ya shiga, sai ka ga wurin ya dushe ba ya taɓuwa. Hotunan da yaran gona suka ɗauka da waya kuwa, gudunsu ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana hawa yana sauka a kusa da 30, shi ke sa baki ya rabu da magana. Tun kafin in soma yanka na daidaita su da manhajar HandBrake. Kuma kada ka canza sunan fayil ko folda ko ɗaya. Kyamarorin biyu iri ɗaya ne, sunaye iri ɗaya suke bayarwa, na bambanta su tun ranar farko, da waɗannan sunayen XML zai nemo su. Tsarin ajiyar faifan exFAT ne, Mac ɗinka zai karanta ya rubuta. Da NTFS ne karatu kawai zai yi, FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil da ya haura 4GB.

Sauti ba ruwanka da shi. Na fitar da AAF, fayil ɗin da ake miƙa aikin sauti da shi, daban ga mai haɗa sauti a manhajar Pro Tools, da rarar 'yan daƙiƙu a kowane gefen yanka don ya samu abin ja. Na bar tsohon tsarin OMF saboda ba ya wuce 2GB.

Ka tambayi gajerun da ƙanina ya haɗa a CapCut don Facebook. Manhajar CapCut ba ta da ƙofar fita, ba ta ba da XML, sai dai bidiyon da aka gama. A bar su yadda suke. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan: yaranmu duk a can suke koyo, ranar da aikin ya girma ya buƙaci hannu na biyu sai a sake yanka daga farko. OpenTimelineIO da Pixar ya fara, ya koma hannun Academy Software Foundation a 2019, don wannan matsalar aka yi shi, tsari ɗaya wanda ba na kowane kamfani ba. Resolve na karɓarsa tun zubi na 18.5, manhajar Kdenlive ma na karɓarsa. Amma shi ma yanka yake ɗauka, ba ya mayar da kalar wani kamfani ta wani. A aikin mutane da aka ba ni wa'adi, tsohon XML ɗin da na saba da halinsa zan bi.

In ka gama, ka dawo mini da fayil guda, ProRes ko DNxHR, ba rubutu a kai. Ni zan mayar da sunaye da fassarar ƙasa in haɗa da sautin. Daga yau ba zan ƙara taɓa yankan ba, ko masu aikin sun matsa, don firem ɗaya in ya motsa a nan, naka da na mai sauti duk sun tashi.

Faifan zai taso da motar safe ranar Asabar in Allah ya yarda, zan kira ka in ba ka lambar direban. Ka kwafe shi a naka kafin ka buɗe komai, ni ma na ajiye kwafi a nan. Akwai ƙullin busasshen kifin Yawuri a cikin kwalin, na amarya ne, ba naka ba.

Ka gaida mutanen gida.

Naka har kullum,
Amininka