Wa ke cin gurbin Zamfara a makarantun tarayya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi maka fatan alheri, kai da ma'aikatanka. Na karanta sharhin da kuka buga kan bambancin sakamakon jarrabawa tsakanin jihohin ƙasar nan, na kuma ga yadda masu karatu suka rabu gida biyu. Wasu na cewa an zagi Arewa, wasu na cewa gaskiya ce aka faɗa. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi shekaru talatin da biyar ina riƙe da alli a ƙauyukan Zamfara kafin na yi ritaya a matsayin hedimasta. Ka ba ni dama in faɗi abin da na gani da idona.

Duk lokacin da wannan magana ta taso, jadawalin 2013 ake jawowa, na makin shiga makarantun sakandare na gwamnatin tarayya, waɗanda ake kira makarantun haɗin kai. A wannan shekara an yanke wa yaron Anambra maki 139 cikin 200, na Imo 138, na Legas 133. Yaron Zamfara kuwa maki 4, yarinyar Zamfara maki 2. Yaron Yobe 2, na Taraba 3, na Sakkwato 9. Ranar da na fara ganin waɗannan lambobi a jarida, na ninke ta na saka a aljihu, ban nuna wa malamaina ba sai bayan kwana biyu. Kunya ce ta kama ni, domin yaranmu ne, mu muka koyar da su.

Lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara, kuma a 2014 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukuncin cewa wannan bambanci ya saɓa wa tsarin mulki. Ban ga laifin uban da ɗansa ya ci 130 aka hana shi gurbi ba idan ransa ya ɓaci. Da ɗana ne, da nawa ran ma ya ɓaci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fassarar da ake yi wa jadawalin, wai ƙabila ce ko addini ke sa wani yaro ya fi wani ƙwaƙwalwa. A wannan jadawali dai an yanke wa Bayelsa 72, Kaduna kuma 91, Kano 67. Bayelsa ba ta Arewa. Haka a jerin jihohin da jami'o'i ke ware wa kashi 20 cikin 100 na gurabensu saboda an bar su a baya a ilimi, akwai Ebonyi da Kuros Riba da Ribas tare da namu. Duk inda ka ga ƙauye mai wuyar shiga, da talauci, da makaranta babu malami, za ka ga makin ya faɗi, ko da wane yare ake yi a wurin.

Tarihi ma yana da nasa kason. An buɗe makarantar sakandare ta mishan a Legas tun 1859. Mu kuwa sai a 1909 Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fara makarantarsa a Nasarawa ta Kano, Kwalejin Katsina kuma sai farkon shekarun 1920. Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Jihar Yamma a 1955, mu sai da UPE, shirin ilimin firamare kyauta na ƙasa baki ɗaya, ta zo a 1976 kafin makaranta ta shiga yawancin ƙauyukanmu. Ni kaina ɗan wannan zamani ne. Yaron da kakarsa ta iya karatun boko yana shiga aji ɗaya da abin da ɗan ƙauyenmu ba zai samu ba sai ya kai aji uku. Wannan gaskiya ne. Amma daga 1976 zuwa yau an yi kimanin shekara hamsin, kuma Turawa ba su ne ke rattaba hannu a kasafin kuɗin jihohinmu ba.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutane da yawa, har da namu, sun ɗauka cewa maki 4 wata alfarma ce da ake yi wa ɗan talakan Zamfara. Ban taɓa ganin ɗan talakan da ta isa gare shi ba. Makin yana faɗuwa ƙasa haka ne saboda masu zama jarrabawar ba su da yawa, sai a yi ta saukowa har a cike guraben jiha. A 2018 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da kanta ta koka cewa yara 28 kacal suka yi rajista daga Zamfara, 50 daga Kebbi, 95 daga Taraba, alhali Legas ta kawo sama da 24,000. Jiha mai ƙananan hukumomi 14, yara 28. Wato ƙaramar hukuma ɗaya yara biyu, idan an raba daidai, kuma ba a raba daidai ba.

Su waye waɗannan yaran? Gurbin da asalin jiha ake bayar da shi, ba da inda yaro yake zaune ba. Ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja ko Kaduna, yana makarantar kuɗi, motar gida ke kai shi, takardar shaidar ƙaramar hukuma kawai ubansa zai karɓo masa ya zama ɗan Zamfara. Shi ne zai shiga da sunan koma-bayanmu. Yaron da aka yi tsarin dominsa kuwa bai ma san ana yin jarrabawar ba.

Na tuna wata shekara da na ƙudurta sai na kai yara biyar daga makarantarmu. Rajista ta koma ta intanet, babu wuta a garin balle kwamfuta, sai na hau mashin na yi tafiyar kusan awa biyu zuwa shagon da ake cikewa. Iyaye uku suka ce ba su da kuɗin rajista da na mota, damina ta kusa, taki suke nema. Ban ga laifinsu ba. Saura biyu, namiji da mace. Yarinyar ita ce ta fi kowa a aji shida, ita nake sa wa ta karanta wa sauran idan na tafi wani aji, domin mu uku ne malamai a makaranta mai aji shida. Ana saura mako guda mahaifinta ya zo ofishina, ya cire hula ya zauna a kan benci, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Idan ta ci, makarantar kwana za a kai ta, ni kuwa ba zan iya barci ba." Ban sami abin da zan ce masa ba. A Fabrairun 2014 an kashe ɗalibai maza masu yawa cikin dare a makarantar tarayya ta Buni Yadi. A 2021 an kwashe 'yan mata 279 a Jangebe, a nan jiharmu, a shekarar kuma aka shiga makarantar tarayya ta Birnin Yawuri. Uban da ya ji waɗannan, da wane baki zan ce masa ya saki 'yarsa? Namijin kaɗai na kai Gusau, ya kwana a gidan ƙanwata. Ranar ce ya fara ganin takardar da ake cike amsa da fensir a cikin ƙananan akwatuna, kuma sai da rabin lokaci ya wuce kafin ya gane yadda ake yi.

Idan mai sharhi ya zauna a Legas ya ga maki 2 a gaban sunan 'yan matan Zamfara, ba zai ga wannan yarinya a ciki ba. Ba ta ci 2 ba, ba ta zauna ba ma.

Sai batun siyasa, wanda wasu masu karatunku suka so su mayar da shi na jam'iyya. Zamfara ta ga ANPP, ta ga PDP, ta ga APC, ta sake komawa PDP. Tuta ta sauya sau da yawa, ajin da na bari bai sauya ba. Siyasar da ke kashe makaranta ta fi jam'iyya zurfi. Ɗan siyasa yana son abin da za a gani daga bakin titi: gini mai sabon fenti da allon sunansa, ko sanarwar biya wa ɗalibai kuɗin WAEC ana dab da zaɓe. Ɗaukar malami ƙwararre a kai shi ƙauye, a biya shi kan lokaci, a aika sufeto ya duba ko yana zuwa, wannan ba ya fitowa a hoto, amfaninsa kuma sai bayan shekara goma, lokacin wani ne a kan kujera. Shi ya sa aikin koyarwa ya zama ladan yaran siyasa. An taɓa turo mini malami da takarda daga sama, na ba shi littafin aji uku ya karanta, ya kasa wuce layi biyu. Na rubuta rahoto, aka ce in bar maganar. Da Kaduna ta gwada malamanta a 2017 da tambayoyin aji huɗu, 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba. Ana iya jayayya kan yadda aka kore su, ni ma ina da ƙorafi a kai, amma babu hedimastan da ya yi mamakin adadin.

Kuɗin ma akwai wanda ake bari a ƙasa. Dokar UBE ta 2004, wato ta shirin ilimin bai-ɗaya, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar UBEC mai kula da shirin na kukan cewa biliyoyin naira na kwance a asusunta saboda jihohi sun ƙi kawo nasu kason. Obasanjo a Sakkwato ya ƙaddamar da shirin a 1999, a nan yankinmu. A 2022 kuma WAEC ta sanar cewa Sakkwato da Zamfara ba su yi wa ɗaliban makarantun gwamnati rajistar jarrabawarta ba. Na ji daɗi da Zamfara ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023, Kano ma a 2024, ina kuma addu'ar Allah ya sa abin ya kai ga aji, ya wuce bakin takarda.

Ba na cikin masu cewa a soke rabon gurabe gobe da safe. An faɗaɗa makarantun nan ne bayan yaƙin basasa domin ɗan Sakkwato ya kwana ɗaki ɗaya da ɗan Warri, kuma wannan manufa tana nan da amfaninta. Amma ina so a ɗaura gurbin a kan makarantar da yaro ya yi, a ce kason Zamfara na yaran da suka gama firamaren gwamnati a Zamfara ne. Ina so kuma manyanmu su daina kare maki 4 kamar wani gadon gidansu. Duk lokacin da suka tashi suna kumfar baki a kan an raina Arewa, tambayar da suke gudu ita ce me ya sa yara 28 kawai suka zauna.

Roƙona gare ku, Malam Edita, idan sakamako na gaba ya fito, kada ku tsaya a jerin jihohi daga ta ɗaya zuwa ta 36. Ku tura wakilanku su samo mana ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: yara nawa suka gama aji shida, nawa aka yi wa rajista, mata nawa ne a ciki, malamai nawa ke kan takardar albashi kuma nawa aka tarar a aji ranar da wakilinku ya je ba tare da sanarwa ba. Ku buga kusa da shi nawa jihar ta bari a asusun UBEC. Idan wakilinku zai zo ta wajenmu, ya neme ni ta ofishinku, zan hau mashin in raka shi makarantar da na baro, in kuma kai shi gidan mahaifin yarinyar nan idan ya amince ya yi magana.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Tsohon hedimasta,
daga Gusau, Jihar Zamfara