A sa masu binciken magani a cikin wasiyya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi kira ga masu hannu da shuni.

Kwanan baya na kwana a asibiti ina jinyar 'yar ƙanwata mai ciwon sikila. Tana murƙususu, ni kuwa sai fifita da addu'a. Nan na tuna da Henry Wellcome, attajirin magunguna da ya rasu a Landan a 1936. Da wasiyyarsa aka kafa asusun da har yau yake ɗaukar nauyin binciken zazzaɓin cizon sauro a Kilifi ta Kenya.

Shari'a ta halatta mana wasiyya da sulusin dukiya. Muna barin masallatai da rijiyoyi, madalla. To, ɗakunan binciken jami'o'inmu fa? Don Allah a rubuta musu kaso, a kafa shaidu, tun da sauran numfashi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya