Baƙonku ya yi wa waɗannan fina-finai rashin adalci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na saurari shirinku na daren Asabar daga farko har ƙarshe, kuma na kwana da takaicin maganar baƙonku, wanda ya ce tsoron da jama'a suke yi wa ƙirƙirarriyar basira, wato fasahar da ke sa kwamfuta ta yi aiki kamar mai tunani, ba shi da wani tushe sai tatsuniyoyin da 'yan fim na Amurka suka cusa musu a ka. Yana faɗa yana dariya, mai gabatarwa tana taya shi, alhali fim ɗaya tak ya iya ambatawa, wato The Terminator na 1984, wanda ya taƙaita da cewa labarin wani ƙaton mutum-mutumi ne mai baƙin tabarau da bindiga. Duk wanda ya zauna ya kalli fim ɗin ya san ƙaton nan ɗan aike ne kurum. Mai aiken nasa ita ce Skynet, kwamfutar da aka danƙa wa ragamar tsaron ƙasa, ta juya ta harba makaman nukiliya kan waɗanda suka ƙera ta.

Ni tsohon ma'aikacin gyaran layukan tarho ne, na yi shekara 27 a cikin wayoyi kafin in ajiye aiki, saboda haka ba a bakin wani na ji halin na'ura ba. Akwai daren da fitilun gargaɗi suka kama ja gaba ɗaya a ɗakin da nake kwanan aiki, ƙararrawa tana ta ruri kamar ginin ya kama da wuta. Na tashi babban injiniyanmu daga barci, ya zo a guje cikin ruwan sama, muka yi ta lalube har asuba, ashe ɓera ne ya gaigaye waya guda, laimar damina ta shiga. Na'urar ba ta yi ƙarya da gangan ba, abin da wayar ta gaya mata shi ta faɗa, kuma da irin ƙarfin muryar da za ta faɗi gaskiya. Tun daga daren nan nake tambayar kaina abin da zai faru in da makami ne aka ɗaura wa wannan ƙararrawa.

Wannan tambaya ita ce cikin fim ɗin WarGames na 1983, wanda na kalla a kaset ɗin bidiyo a gidan wani abokin aikina, kuma na yi mamakin yadda baƙonku bai ko taɓo shi ba. Fim ɗin ya fara ne da wani hafsa a ramin makami mai linzami da ya kasa murɗa makullin harbi yayin wani gwaji, sai manya suka yanke shawarar a cire mutane a sa kwamfuta, tunda ita ba ta da zuciyar da za ta karaya. Daga baya wani yaro ɗan makaranta ya kutsa cikinta ta layin tarho yana zaton wasa ya samu, ita kuwa ta kasa bambanta wasa da yaƙi. Shugaban Amurka Ronald Reagan ya kalli fim ɗin, ya tambayi babban hafsan hafsoshinsa, Janar John Vessey, ko irin wannan kutse zai yiwu, amsar da aka kawo masa ba ta kwantar da hankali ba, kuma a 1984 ya sa hannu kan umarnin tsare kwamfutocin gwamnati. Shugaban ƙasa yakan tara janar-janar saboda tatsuniya?

Watanni kaɗan bayan fitowar fim ɗin, ranar 26 ga Satumba, 1983, na'urar gargaɗi ta Tarayyar Sobiyet ta nuna cewa Amurka ta harbo makamai masu linzami guda 5. Hafsan da ke bakin aiki, Laftanar Kanar Stanislav Petrov, ya ƙi gaskata allon da ke gabansa, don a ganinsa mai niyyar fara yaƙin ƙare dangi ba zai fara da biyar ba. Hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan Adam. Da na karanta labarinsa bayan shekaru, ɓeran nan nawa na tuna. Amurkawa ma sun ga tasu a Nuwamban 1979, lokacin da kaset ɗin atisaye ya shiga kwamfutar rundunar tsaron samaniyarsu, allo ya cika da harin da babu shi. Masu shirya fina-finan Dr. Strangelove da Fail Safe a 1964, shekara biyu bayan rikicin makaman Kyuba tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, da masu Colossus a 1970, wannan ramin suke nuna wa mutane, cewa an gina abin da in ya tashi babu mai ikon ce masa tsaya.

Kuma kada a ce mana tsoron Turawa ne da bai shafe mu ba. Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu, 1960, kuma a farkon 1961 gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ta yanke hulɗar jakadanci da ita saboda waɗannan gwaje-gwaje. Iyayenmu sun san daga inda iskar hunturu take busowa.

Ina roƙon ku sake shirin, ku gayyato wanda ya kalli fina-finan kafin ya yi musu hukunci. Sannan tunda na ɗauki alƙalami, ku duba lambar wayar da kuke karantowa don masu saurare. Sau shida na kira a daren nan ba ta shiga ba, kuma kun sanya tallar maganin basir har sau uku a cikin shirin rabin awa.

Naku mai saurare,
Wani tsohon ma'aikacin tarho, Tudun Wada, Zariya